Koken da ban rufe ba

Tun ina yaro ba na iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Sau biyu ina kwance rediyon Baba. Karon farko na mayar da komai wurinsa ba wanda ya sani, karo na biyu kuwa ƙusoshi uku suka rage a tafin hannuna, rediyo ya yi gum. Bai dake ni ba. Ya zaunar da ni, ya miƙo mini sukudireba, ya sa na sake kwance shi a gabansa har muka gano wayar da na tsinke. Da muka gama ya ce, "Duk abin da ka buɗe da hannunka, kai za ka rufe shi." Na riƙe maganar nan kamar karatu. Ta yi mini rana a wurare da yawa, kuma ita ce ta kusa kai ni ƙasa, domin na ɗauke ta na kai ta inda shi bai nufa ba.

Faifan CD ne ya shigar da ni duniyar buɗaɗɗiyar manhaja. A wancan lokacin masu Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, suna aika faifansu kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya cike fom. Na cike, bayan makonni ya iso. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da na ji cewa kod ɗin, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, gaba ɗaya a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, kuma lasisi ne ya ba shi wannan dama. Ga yaron da ya saba kwance rediyo a ɓoye, wannan rediyo ne da aka miƙo masa haɗe da sukudireba. A 2010 na tura gyarana na farko, wata kalma ce da aka rubuta ba daidai ba a bayanin wata manhaja. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya karɓa, ya rubuto godiya layi ɗaya. Daren nan na buɗe shafin ya fi sau goma ina sake karantawa.

A 2013 ina aiki a wani ofis da kullum ake turo mana fayilolin CSV, wato na jerin bayanai layi-layi, daga wurare daban-daban, kowanne da irin haukansa. Wannan da waƙafi yake raba bayanai, wancan da waƙafi mai ɗigo, wani an adana haruffansa da tsarin UTF-8, wani da tsohon tsarin Windows, sai ka buɗe ka tarar haruffa sun rikiɗe sun koma alamomin tambaya. Da na gaji da gyarawa da hannu, na rubuta wani ɗan ƙunshin kod da harshen rubuta manhaja na Python wanda zai leƙa fayil, ya gano tsarinsa, ya karanta shi. Bai kai layi 600 ba. Na ɗora shi a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, na sa shi a PyPI inda masu Python ke sauke ƙunshe-ƙunshe, na manna masa lasisin MIT saboda shi na ga ya fi gajarta. A lasisin akwai sakin layi da manyan baƙaƙe da ke cewa an ba ka manhajar nan yadda take, babu wani garanti. Ko karanta shi ban yi ba har ƙarshe a lokacin. Shekara tara sai da suka wuce kafin in gane cewa saboda ni aka rubuta shi.

Shekarar farko shiru. Daga nan wani babban ƙunshi da mutane da yawa ke amfani da shi ya fara dogara da nawa. Haka abin yake tafiya a harkar nan: ka sauke manhaja ɗaya, ita kuma ta jawo wasu goma da take buƙata, kowacce cikin goman ta jawo nata. Mutum zai yi shekaru yana hawa kan kod ɗinka bai san da kai ba, sai ranar da abu ya lalace sunanka ya fito a saƙon kuskure. Ranar zai neme ka. Koke-koke, wato rahotannin matsala da masu amfani ke buɗewa a shafin ƙunshin, suka fara shigowa, ɗaya a mako, daga baya ɗaya a rana. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi nake ji. A ofis ni ƙaramin ma'aikaci ne da ba a tambayar ra'ayinsa, da daddare kuwa injiniyoyi daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna jiran in ce e ko a'a.

A watan Afrilun 2014 aka bayyana ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke ɓoye sirrin sadarwar ɗimbin shafukan intanet. Duniya ta tashi tsaye, ana ta canza kalmomin sirri. Sai a lokacin mutane suka ji cewa gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya ne kacal ke yi masa aiki cikakken lokaci. Kuskuren ya shige ta gaban mai dubawa guda ɗaya, ya zauna shekara biyu ba wanda ya lura. Gidauniyar Linux ta haɗa manyan kamfanoni aka kafa asusu a cikin watan. Na karanta duk wannan na ce Allah sarki, na wuce. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni a lokacin ban ma yarda ina da gemu ba.

Bari in yi lissafin da ban taɓa yi wa kaina ba sai da ya makara, domin shi ne zuciyar maganar. Wanda ya turo koke minti biyu ya ɓata yana rubuta "ba ya aiki". Ni kuwa sai na tambaye shi wace siga yake amfani da ita, a wace irin kwamfuta, ya turo samfurin fayil, in jira kwana uku, in yi ƙoƙarin ganin matsalar da idona. Kafin in san ko kuskurena ne ko nasa, rabin awa ta tafi, wani lokacin yamma guda. Gyaran da wani ya turo kuwa ya fi koke nauyi, kuma wannan ne mutane ba sa ganewa. Mutum ya zauna ranar hutunsa ya rubuta layi 300, ya turo da kyakkyawar niyya, yana ganin kyauta ya kawo mini. Dole in karanta kowane layi, in tabbatar bai fasa wa wasu aikinsu ba, in nemi ya ƙara gwaje-gwaje, in rubuta bayani. In na karɓa, shi ya tafi ke nan, ba zan sake jin ɗuriyarsa ba. Ni zan goyi layukan nan har abada. Bayan shekara uku in sun kawo matsala, ƙofata za a buga. Kamar a ba ka kyautar ɗan maraƙi ne ba a tambaye ka ko kana da ciyawa ba.

Masu amfani da ƙunshin suna iya ninkuwa sau goma, sau ɗari, ba abin da zai hana, domin saukewa ba ta cin komai. Ni kuwa awa 24 ce a ranata kamar kowa. A cire aikin ofis, a cire barci, a cire hanya, abin da ya rage awa biyu ne ko uku, kuma su ne mafi lalacewar awannin yini, lokacin da kai ya riga ya yi nauyi. Da koke-koken suka fi ƙarfin awannin, babu inda zan samo ƙari sai a barci. Daga nan na fara ciro su.

Me ya hana ni cewa a'a? Na sha tambayar kaina. Akwai maganar Baba: ni na buɗe, ni zan rufe. Duk koken da ke buɗe sai in ji shi kamar bashi a wuyana, lambar da ke saman shafin kuwa jimillar bashin ce, kowa na gani. Akwai kuma son a yabe ni, wannan sai yanzu nake iya faɗinsa. Wani ya taɓa rubuta cewa bai taɓa ganin mai kula da manhaja mai saurin amsawa kamata ba. Na ajiye hoton saƙon a wayata. Daga ranar na zama bawan wannan yabo, ina tsoron ranar da za a ce na canza.

Na yi aure a 2016, muka haifi 'yarmu a 2018. Matata mai haƙuri ce, amma ba ta ɓoye magana. Wata rana da daddare ta tsaya a bayana tana kallon allon kwamfutar, ta ce, "Wai mutanen nan nawa suke biyanka?" Na ce ai ba a biya, aikin sa-kai ne. Ta ce, "To su suna samun kuɗi da shi?" Na ce wasunsu manyan kamfanoni ne. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Na yi fushi, na yi mata dogon bayani kan 'yancin manhaja, da yadda ni ma nake cin gajiyar aikin dubban mutane ban biya ko sisi ba. Bayanin gaskiya ne, har gobe ina kansa. Sai dai ba shi ta tambaya ba. So take ta san dalilin da ya sa baƙo zai rubuto ƙarfe ɗayan dare ya sami amsa nan take, ita kuwa ta yi magana tun magariba ana ce mata "ina zuwa".

Na taɓa samun abokin aiki. Wani ne da ya yi shekara biyu yana taimakawa, muka raba nauyin. A 2019 ya sami sabon aiki, ya rubuto mini a mutunce cewa ba zai iya ci gaba ba. Ba ni da abin cewa, ba kwangila muka sa hannu ba, kuma haka aikin sa-kai yake, ƙofar shiga da ta fita duka a buɗe suke. Ya tafi daidai lokacin da ake shirin binne Python 2, wanda aka daina kula da shi ranar 1 ga Janairun 2020. Rabin masu amfani da ƙunshina suna cewa in jefar da tsohon yayi, rabi suna cewa in na jefar na kashe su. Na riƙe duka biyun, wato kowane gyara sau biyu nake gwada shi. Tun kafin nan, a Yulin 2018, Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python ɗin kansa, ya sauka daga shugabancin harshen bayan wata zazzafar muhawara, ya nuna ya gaji. Mutumin da duniya ta san shi ke nan. Ni na ci gaba da ganin gajiya abin kunya ne.

Da GitHub ta buɗe tsarin tallafa wa masu manhaja a 2019 na sa maɓallin. Mutane kaɗan suka bayar, ɗaiɗaiku ne masu kirki, babu kamfani ko ɗaya. Ban raina ba. Amma kuɗi kaɗan ba ya sayen awa, sai dai ya ƙara maka jin nauyi, domin yanzu akwai waɗanda kake ganin sun biya ka.

Disamban 2021 ne watan da ba na mantawa. A farkonsa aka kwantar da Baba a asibiti. Muna raba kwana da ƙannena, ni ke ɗaukar dare saboda aiki. A daidai makon aka fallasa ɓarakar Log4Shell a Log4j, ƙunshin harshen manhaja na Java da 'yan sa-kai ke kula da shi a ƙarƙashin gidauniyar Apache. An ba ta maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Mutane 'yan ƙalilan da ba albashinsu ba ne suka hana idonsu barci, suka fitar da gyara har sau huɗu kafin watan ya ƙare, ana kuma zaginsu a fili. Ƙunshina da Python aka rubuta shi, babu abin da ya haɗa shi da Log4j. Duk da haka sai ga imel daga sashen tsaro na wani kamfani da ban taɓa hulɗa da shi ba. Sun kira ni mai kawo musu kaya, sun haɗo fom mai tambayoyi masu yawa, sun ce suna buƙatar amsa cikin awa 48. Ba gaisuwa, ba godiya. Da wani mai hankali ne, da ya aika musu da sakin layin nan mai manyan baƙaƙe na lasisin, ya rufe kwamfutarsa. Ni na zauna a kujerar roba kusa da gadon mahaifina na cike musu fom ɗin tsaf.

Kwana uku bayan haka, wajen ƙarfe biyun dare, wani koke ya shigo. Mai shi ya ce fayil ɗinsa ya ƙi karantuwa, aikinsu ya tsaya, abin gaggawa ne. Na rage hasken allo na fara rubuta masa amsa. Ban san Baba ya farka ba sai da na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wa kake yi wa aiki da tsakar daren nan?"

Na ce, "Wasu mutane ne, Baba. Manhajar nan da na taɓa ba ka labari."

"Sun san kana nan?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ka gaya musu mana."

Na ce to, yanzu zan gama. Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya lumshe ido. Na ƙarasa amsar, na roƙi mutumin ya turo samfurin fayil, har da ba shi haƙuri kan jinkiri. Ban gaya masa inda nake ba. Da na ɗago, Baba ya yi barci. Washegari jikin ya tsananta, bai ƙara yin magana mai tsawo ba, kwana biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Wannan ita ce hirarmu ta ƙarshe ni da shi mu kaɗai, kuma rabin hankalina yana kan fayil ɗin wani.

Bayan rasuwar na koma aikin da ƙarfi fiye da da, ina ganin zai ɗauke mini hankali. Sai jiki ya fara ƙi. In wayata ta yi ƙarar sanarwa sai gabana ya faɗi, hannuna ya yi sanyi. In buɗe koke in karanta shi sau uku ban fahimci komai ba. In kwanta a gajiye in farka ƙarfe uku da jerin abubuwan da ban amsa ba suna yawo a kaina. Na fara yi wa mutane tsawa a rubuce, ni da aka sani da sanyin hali. Wani ɗalibi da ya turo gyaransa na farko na mayar masa da amsa mai zafi, bai ƙara dawowa ba. Har yau abin yana ci na, domin na san yadda layi ɗaya na godiya ya yi mini a 2010. Koke-koken da ke buɗe suka haura 400. Aka fara rubuta "wai aikin nan ya mutu ne?" A Yulin 2022 PyPI ta ware ƙunshe-ƙunshen da aka fi saukewa, kashi ɗaya cikin ɗari, ta ce su ne masu muhimmanci, dole masu su su ƙara matakin tsaro na biyu wajen shiga. Mataki ne mai kyau, ba ni da ja a kansa. Amma da na ga nawa a ciki sai da na yi dariya ni kaɗai: abu mai muhimmanci ga duniya, a hannun mutumin da ya kasa ɗaga kansa daga matashi.

Matata ce ta kai ni wurin likita, ba da son raina ba. Jinina ya hau, likitan kuma ya ce akwai ciwon damuwa a tare da ni, ya haɗa ni da mai ba da shawara. Ita ce ta sa ni rubuta awannin da nake ba aikin a mako. Na haɗa, suka kai 25. Ta ce, "Wato aiki biyu kake yi, ɗaya babu albashi, babu hutu, babu ranar tashi. Wa ya ɗora maka?" Na buɗe baki in ambaci wani, na rasa.

A cikin wannan hali ne wani ya bayyana. Sunan asusu kawai na sani, babu hoto. Ya fara amsa koke-koke a madadina, gyare-gyarensa tsaf, ba ya gardama. Bayan wata uku ya ce in ina so zai iya ɗauke mini fitar da sababbin sigogi. Na san labarin wani ƙunshin kod mai suna event-stream sarai, yadda a 2018 mai shi ya gaji ya miƙa wa wani baƙo da ya nemi taimakawa, baƙon ya cusa kod ɗin satar kuɗin bitcoin. Na sani, na kuma ba shi makullin komai a daren, da izinin shigar da kod da na fitar da siga. Ban tambaye shi ko wane ne ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na kashe sanarwa, na yi kusan shekara ɗaya da rabi ina leƙawa sama-sama.

Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft da ke aiki kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ya sanar da abin da ya gano. Ya lura shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Sigogi biyu aka gurɓata, 5.6.0 da 5.6.1, kuma Allah ya taimaka ba su kai ga yawancin tsayayyun fitowar Linux ba. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi fiye da shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki. Na je na karanta tsofaffin saƙonnin 2022. Wasu asusun suna matsa wa mai kula da xz, suna cewa aikin ya tsaya, ya miƙa wa wani. Shi kuma yana ba da haƙuri, yana tuna musu cewa aikin sha'awa ne da ba a biyansa, kuma ƙarfinsa ya ragu. Na karanta amsarsa jikina yana rawa, domin da an goge sunan da na rantse ni na rubuta. Ba wata dabarar kod aka fara karya shi da ita ba, gajiyarsa aka gani aka bi ta nan.

Dare huɗu na yi ina bin duk abin da mutumina ya shigar tun ranar da na ba shi makulli, layi bayan layi. A xz an ɓoye mugun abin a fayilolin gwaji da kuma cikin ƙunshin da ake rabawa, wanda ya bambanta da kod ɗin da ke fili, don haka na sauke kowace siga da ya fitar na gwada ta da abin da ke ma'ajiyar kod ɗin da ke fili. Ban sami komai ba. Aiki ne mai tsafta, ya ma fi nawa. Sai sauƙi ya zo mini haɗe da kunya iri biyu: na zargi mutumin da ya ɗauke mini kaya wata goma sha takwas kyauta, sannan na san sa'a ce kawai ta raba ni da abin da ya sami xz. Da mugu ne, dubban mutanen da na hana kaina barci don kada in ba su kunya, ni da hannuna na miƙa su.

Na rubuta masa gaskiya, har da binciken da na yi. Ya amsa da cewa da ban bincika ba da ya fi damuwa. Muka yi magana ta bidiyo, karon farko da na ga fuskarsa. Malamin makaranta ne, yana da yara biyu, da ƙunshin yake haɗa sakamakon ɗalibai. Can cikin hira ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ya kusa ajiyewa, watanni ke nan ba ya barci sosai, amma ya kasa gaya mini saboda ya ga halin da nake ciki. Ashe kayan da suka danne ni na sauke a kansa, na juya baya.

Mun zauna mun yi abin da ya kamata in yi tun 2015. A saman shafin, kafin bayanin yadda ake saukewa, muka rubuta cewa mutum biyu ne ke kula da aikin nan a lokacin hutunsu, kowanne awa huɗu a mako, ba mu yi alkawarin ranar amsa ba, ɓarakar tsaro ce kaɗai ke tsallake layi. Babu kod da zai shiga sai ɗayan ya duba. Sigogi daga ma'ajiya ake gina su kai tsaye, ba daga kwamfutar kowa ba. Muka cire abubuwa uku da na karɓa a baya don kunyar cewa a'a. Muka rufe ɗaruruwan tsofaffin koke-koke da saƙo ɗaya na ban-haƙuri. Kamfanin da ya turo fom kuwa, akwai amsa a shirye: ga lasisi, in ana son aiki na musamman a zo a yi kwangila.

Na zaci za a yi mana ca. Wasu sun yi gunaguni, mutum ɗaya ya kwashi kod ɗin ya buɗe nasa reshen, wanda dama lasisi ya ba shi, na kuma yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Yawanci ko lura ba su yi ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutum biyu da suka rubuto suka ce sun daɗe suna amfani da ƙunshin, sun ɗauka wata ƙungiya ce mai ma'aikata ke bayansa saboda saurin amsar da suke gani, ba su taɓa sanin ana neman hannu ba. Ɗayarsu yanzu ita ke tantance sababbin koke-koke. Shekaru na yi ina ɓoye ramin da ƙarfina, shi ya sa ba wanda ya kawo ƙasa.

Ban warke sarai ba. Ina shan maganin hawan jini, kuma har yanzu wani lokacin hannuna yakan kai kan waya da tsakar dare kafin in tuna. Awa huɗuna ranar Asabar da safe nake yin su, 'yata ce mai tsaron agogo, ba ta ƙara mini ko minti ɗaya. In lokaci ya cika sai ta zo ta ɗora hannu a murfin kwamfutar ta ce, "Abba, ya isa."

Ranar da muke rufe tsofaffin koke-koke na ci karo da na daren nan na Disamba. Ban taɓa komawa kansa ba tun daga lokacin. Ga amsata, ga lokacin da na tura ta, ƙarfe 2:14. A ƙarƙashinta mutumin ya dawo da safe ya rubuta cewa ya gano matsalar, fayil ɗinsa ne bai gama sauka ba, ina iya rufewa. Na cire shi daga jerin waɗanda za a rufe. Abokin aikina yakan ci karo da shi in yana shara, ya tambaye ni ko ya rufe. Sai in ce masa ya bar shi tukuna.